Furar Gindin Rumbu

Kalgo, Satumba 1956

Zuwa ga uwargidana Ladi,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya tarin Haruna? Idan har bai sake shi ba ki kai shi asibiti, ki daina ɗura masa jiƙon nan naki mai ɗaci da ko akuya ba ta sha. Mu dai mun iso lafiya, sai ciwon baya. Gidan baƙi na Birnin Kebbi ya cika da ma'aikatan gwamnati, shi ya sa aka sauke mu a nan Kalgo, ɗaki biyu da jemagu a rufi. Ranar Lahadi za mu shiga Birnin Kebbi Baba Bishop ya ɗora wa masu tabbatar da baftismarsu hannu, ni kuma in yi masa tafinta kamar kullum.

Tsohon nan ya tsufa fiye da yadda kika san shi. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma kai yana nan garau, ga son jin labarin mutane. Tun a mota ya tsare ni da tambaya, da ya ji harshena ya juye ina ce wa fura hura wurin masu talla. Na gaya masa abin da kika sani: an haife ni a ruga bayan Gwandu ta hanyar Dalijan, gyambo ya ci mini ƙafa ina yaro, Baffa Bawa ƙanen mahaifina ya ajiye ni a asibitin mishan ya wuce Kudu da shanu, da ya dawo ya tarar an yi mini baftisma sai ya juya ya tafi abinsa. Duk saƙon da na aika gida tun daga nan shiru. Bishop ya ce ba zai zo kusa da gidan uwar limaminsa ya wuce bai gaishe ta ba. Na yi ta kauce-kauce, amma kin san shi in ya kafe.

Jiya muka je. A bakin kasuwar Gwandu na sauka tambayar hanya, sai na gane Atiku, abokin kiwona na ƙuruciya. Da na faɗa masa ko ni wane ne, ja da baya ya yi yana neman tsarin Allah. Ya ce Ɗahiru ɗan Yusufu ya daɗe da rasuwa. Baffa Bawa ne ya kawo labarin cewa ƙafar ta kashe ni, an binne ni a can. An yi mini sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Mahaifina ya rasu a kan haka, shi ma Baffa ya bi shi, babu wanda zan tambaya dalili. Ladi, da rana tsaka na tsaya a cikin kasuwa ana ba ni labarin mutuwata, jikina ya yi sanyi har yanzu bai dawo daidai ba.

Da muka isa ruga mun tsaya a bakin shinge muka yi sallama kamar manyan baƙi, ga mota, ga Bishop da rigarsa ta shunayya, ga ni da farar kwalar limaman majami'a a wuya. Aka shimfiɗa mana tabarma. Inno mahaifiyata ta fito, ta rame ta zama 'yar mitsitsiya. Ta dube ni tsakar ido. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali. Ta tambayi sunana, na faɗa, ta kama shi ta yi ta maimaitawa, Malam Ɗahiru kaza, Malam Ɗahiru kaza. Ta dama fura a sabuwar ƙwarya ta miƙo mini hannu da hannu.

Bishop hawayen murna ya yi ta yi. A ƙasarsu ta Kudu uwa in ta ga ɗanta da ya ɓace, sunansa take kira da ƙarfi har maƙwabta su fito. Tun daga Gwandu har Kalgo yana raira waƙar yabo a mota, ni kuwa ina kallon gero ta taga.

Ke ba sai na yi miki dogon bayani ba, tunda tun ranar da kika haifi ɗan farinmu Haruna ban taɓa jin sunansa a bakinki ba, kuma kowa ya san don shi za ki iya shiga wuta. Ni ne ɗan farin Inno, Fulani kuwa sun fi mu tsananta wannan kunyar. Duk tsawon ƙuruciyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ban san launin ƙwayar idonta ba. Bayanta na sani, da ƙeyarta. Ko fura ba ta miƙo mini. Sai ta ajiye a gindin rumbu ta wuce, tana gaya wa kaji cewa ƙudaje za su shanye furar wani. Shekarun nan duka mafarkin bayan nan nata nake yi. Jiya ta ba ni fuskarta duka, irin wadda ake ba baƙon da ya ratso neman ruwa.

Ki gai da yara, ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa kowa tukuna.

Mijinki,
Ɗahiru

Kalgo, ranar Laraba

Zuwa ga Ladi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa lafiya, da ke da yara da maƙwabta. Ni jiki ƙalau, amma hankali ba ya nan.

Idon Inno ya hana ni sakat. In na sunkuya wanke fuska ina ganinsa a ruwan kwano. Ranar Lahadi wata yarinya ta durƙusa gaban Bishop ta ɗago kai, sai na ga idon a fuskarta, har littafin addu'a ya kusa suɓuce mini. Mutane in sun gaishe ni a hanya sai in ji kamar wani suke gaisarwa a bayana. Har na kama kaina ina duba ƙasa in ga ko ƙafata na barin sawu. Ki yi dariya in kina so, ni ma na yi, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Wa'azin Lahadin ne ya ƙarasa ni. Majami'ar 'yar rumfa ce ta kwano, akawuna da 'yan kasuwa mutanen Kudu a gaba, 'yan sanda da leburori mutanen Zuru a baya, su ne nake juya wa magana da Hausa. Bishop ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya hau ba da labarin wata tsohuwa Musulma da ta karɓi ɗanta hannu biyu, ta kira sunansa, ta shayar da shi da hannunta. Yana faɗa da Turanci, ni ina faɗa da Hausa da bakina. Mutanen gaba suna ta godiya ga Allah. Na baya kuwa, waɗanda suka zauna da Fulani, ƙasa suka riƙa kallo. Wani tsohon ɗan sanda ya kama hannuna bayan an tashi, ya daɗe bai saki ba.

Shekaranjiya ƙanwata Binta ta zo. Ashe a nan Kalgo take aure, gidan wani mai fataucin shanu. Tana rarrafe na bar ta, yanzu har da jika. Ta same ni a bayan gidan baƙi, ta ƙi zama, ta ce ba tsayawa za ta yi ba. Ta ce ta je ruga, Inno ta gane ni tun ina taka ƙasa daga mota, da ɗingishin nan. Ta ce tun da aka kawo labarin rasuwata, kowace Juma'a Inno na dama fura ta raba wa yaran maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan ga yaron, ko shekarar yunwa ba ta fasa ba. A wurinta ɗanta ya rasu yana yaro Musulmi, yana Aljanna yana jiran ta. In ta yarda ni ne, to babu kowa a can, sai wani da ya bar salla. Binta ta roƙe ni don girman Allah in tafi in bar tsohuwa da gawarta, ba ta da sauran kwana masu yawa. Tana kuka take faɗa, kuma ban iya ce mata ƙarya take yi ba.

Da yamma na kasa riƙewa, na gaya wa Bishop duka, har da batun ɗan fari. Na ɗauka zai ce al'ada ce kawai. Sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya roƙi gafarata kan wa'azin. Ya ce shekara da shekaru yana ɗora hannu a kan 'ya'yan mutane yana murna, bai cika tambayar wa aka bari a gida yana kuka ba. Ya ce shi ya kai ni gidanmu da mota da sallama daga waje, dole a shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Bai ce in koma ba, bai ce kada in koma ba. Cewa ya yi zai zauna a Kalgo har Asabar, ƙafarsa ma na bukatar hutu, alhali na san ana jiransa a Yelwa. Na tambaye shi in zan je ko in cire kwalar. Ya ce a'a, ƙarya ɗaya ta riga ta binne ni, kada in ƙara mata ƙasa. Sannan ya sa na durƙusa ya ɗora mini hannun nan nasa mai rawa.

Ladi, tsoro nake ji. In na tafi haka, matacce zan dawo miki. In na koma, ban san me zan karya ba. Gobe zan bi motar 'yan kasuwa zuwa Gwandu.

Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Ɗahiru

Gwandu, ranar Asabar

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da dukan zuciyata, ina fata wannan ta same ku lafiya. A zauren Atiku nake rubuta miki ina jiran mota. Ya daina neman tsari in ya gan ni, har ya taɓa tabon ƙafata da yatsa don ya tabbatar.

Jiya Juma'a da hantsi na taka zuwa ruga. Ban yi sallamar baƙo ba. Na shiga ta kafar shingen baya inda muke bi da, sai da kaya suka yaga mini wando. Maruƙa na tsaye a sake, na ɗauko igiya na ɗaure su, hannuna bai manta ƙullin ba ko da yake guda ya harbe ni a gwiwa. Matar ƙanena, wanda Inno ke zaune wurinsa, ta leƙo ta koma da sauri. Na je gindin rumbu na zauna a ƙasa. Ba tsohon rumbun ba ne, amma a wurinsa aka sake ginawa.

Inno na ƙofar bukkarta da babbar ƙwarya tana dama furar sadaka. Yara sun fara taruwa da 'yan ƙoƙunansu. Ta ɗago ta gan ni, ta buɗe baki za ta yi mini sannu da zuwa irin na rannan. Na sunkuyar da kai kamar yadda ɗa yake yi, na ƙi ba ta idona. Na ji ludayin ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka haka ba. Inuwar rumbun ta janye ta bar ni a rana, gumi ya jiƙa kwalar, ban motsa ba. Ina jin numfashinta daga inda nake. Ina addu'a ban san me nake roƙo ba, don in Allah ya ba ni abin da nake so, ita zai karɓe wa nata. Yara suka gaji da jira, wani ya ce Inno rana na yi.

Sai na ji ta ce musu su tafi gida, yau babu sadaka.

Suka tsaya sororo, don tun kafin a haife su ake ba da furar nan. Ta sake faɗa, suka watse. Na ji takunta a hankali, na ga ƙafafunta sun zo kusa, duk sun tsattsage. Ta ajiye wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gindin rumbu, ba a hannuna ba. Ta ja mayafi ta juya. Akwai wata kaza tana tono a wurin, ita ta gaya wa cewa ƙudaje za su shanye furar wani.

Na shanye ta tas, hawaye na zuba a ciki. Ban yi godiya ba, ɗa ba ya yi. Ta koma ƙofar bukka ta zauna ta ba ni baya, kafaɗunta na jijjiga. Na san abin da take yi wa kuka. Yaron da ta ajiye a Aljanna shekarun nan duka na fito mata da shi, na ba ta gurgu mai furfura da farar kwala a madadinsa, kuma ta karɓa. Wannan nauyin ban san inda zan sauke shi ba, zai bi ni har kabari. Har na tashi tafiya ba ta ce mini ƙala ba.

Da safen nan matar ƙanena ta kawo 'yar gora cike da man shanu. Ta ce Inno ta ce an ce wancan yana da 'ya'ya. Zan riƙo shi a cinyata har gida, ki tanadi tukunya mai kyau.

Baba Bishop na can yana jira, na san tun asuba yake leƙen hanya. Zai tambaye ni ko ta karɓe ni. Zan gaya masa ko kallona ba ta yi ba.

Sai na zo. Ki gai da Haruna da ƙannensa, Ubangiji ya tsare mini ku.

Mijinki mai rai,
Ɗahiru