Ba Auduga Ba Ce

Damagaram, 4 ga Maris

Zuwa ga Yayata Habiba, a Dogo.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Suma'ila da yara. Na ba direba wannan takarda ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Sakamakon awon da likitoci suka yi min a lopital ya fito. Ƙullutun da ke nonona na hagu ciwon daji ne, irin na Inna. Yaya, zauna ki ji sauran. Lokotoro Ramatu, likitar da ke duba ni, ta ce girmansa bai wuce gyaɗa ba, don haka ba sai an cire nonon duka ba. Za ta yanke ƙullutun da naman da ke kewaye da shi, ta jawo na gefe ta cike gurbin. Na ce mata ai ni tela ce, haka nake cin riga in ta yi wa mai ita yawa. Ta yi dariya, ta ce to mu abokan sana'a ne.

Mata huɗu na taɓa ɗinka wa aljihun auduga a cikin riga, saboda sun je a makare an share musu ƙirji. Ba na son in ɗinka wa kaina na biyar. Ran sha takwas za a yi aikin, kuma na riga na sa hannu. Addu'arki nake nema, izini kam ban tambaya ba.

Ƙanwarki, Rahina.

Dogo, 9 ga Maris

Zuwa ga Rahina.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ni Malam Suma'ila nake rubutawa da bakin yayarki, ban ƙara ba, ban rage ba sai kukan.

Ta ce kowa a gidanku ya san daji ba a taɓa shi da ƙarfe. Da wuƙa ta shiga, sai ya fusata ya bazu. Ta ce Inna tana tafiya da ƙafarta aka kai ta asibiti aka yanka, wata huɗu aka binne ta, kuma ita Habiba ce ta yi mata wanka, ta ga abin da ke ba ki gani ba. Ta ce ki zo Dogo, mai maganin gargajiyar nan yana nan da ransa, ita za ta daka miki ta ɗaura miki da hannunta. Ta ce Kawu Ɗanjuma ma bai yarda ba. In kin ƙi, kada mijinki Hassan ya kira ta ranar aikin, ba za ta ɗauka ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa ki ji maganar manya. Wassalam.

Yamai, 2 ga Yuni

Yaya Habiba,

Ina gaishe ki, ko da ba ki amsawa. A gaida Malam, a ce masa rubutunsa ya fi maganarki daɗi.

An yi aikin, ina raye. An auna naman da aka cire, gefensa duka tsaf, kaluluwar hammata ma ba komai. Yanzu ina Yamai ana haska min wurin da na'ura kowace safiya don a kashe abin da ido bai gani ba. Fatar ta yi baƙi, hannun hagu yana min tsami, ga ƙwayar da zan sha shekara biyar. Lokotoro ba ta yi min alkawarin ba zai dawo ba. Ta ce duk wata shida in zo a duba, kuma zan je.

Yanzu maganar Inna. Na daɗe ina haɗiye ta, yau na gaji. Damina uku Inna ta yi da ciwon nan a ƙarƙashin zane. Ina 'yar shekara goma sha biyu, amma hancina yana aiki, na san warin da ke ɗakin. Ana daka mata saiwa ana ɗaurawa har ya fashe, sai da ya kai hammata aka nemi mota. Ba wuƙa ta kashe ta ba, Yaya, jira ne. Na san ke kika riƙa dakawa, kuma na san shi ya sa maganar wuƙa ta fi miki sauƙin ɗauka. Ban ga laifinki ba, ke ma yarinya ce aka ce ki daka. Amma ba zan mutu don zuciyarki ta huta ba.

Na kuma ji abin da ake yaɗawa a Dogo, wai an share min ƙirji, ni tela ce na cusa auduga ina yi wa mutane ƙarya. To madalla. Ina nan zuwa sunan jikanki in 'yarki ta sauka lafiya, masu maganar su zo da idonsu.

Taki har kullum, Rahina.

Dogo, 21 ga Agusta

Zuwa ga Rahina.

Bayan gaisuwa, wannan karon da bakina nake rubutawa, domin yayarki ta ce ba ta da abin faɗa.

Abin da kika yi ranar suna bai dace da mace mai aure ba. An shaida min cewa a ɗakin mai jego, gaban mata sun fi ashirin, kika ɗaga riga kika ce kowa ta zo ta nemi audugar. Har matar Kawu Ɗanjuma kika kama hannunta kika ɗora a kan tabon, ita da ta haife ki a girme. Aka bar tuwo yana sanyi, aka bar jaririya tana kuka, ana layi kamar wurin awon ciki. Tun ranar mata uku suka shiga motar Damagaram ba su gaya wa mazansu dalili ba, kuma ni ake tarewa a ƙofar masallaci.

Ita kuwa Habiba, an ce ita kaɗai ce ba ta duba ba, ta fita ta zauna a madafa. Kwana biyar ke nan ba ta cin abincin kirki, in na yi magana ta ce zafi ne. Kin ɓata mata rai a gaban baƙinta. Ya kamata ki rubuto ki ba ta haƙuri.

Allah ya shirya mu baki ɗaya. Malam Suma'ila.

Dogo, 24 ga Agusta

Rahina,

Ina gaisuwa. Wannan da hannuna na rubuta, ki yi haƙuri da rubutun. Malam bai sani ba.

Na duba. Ta labule na leƙa, na ga ɗinkin. Ya yi kyau.

Nawa ƙullutun a nonon dama yake. Tun kakar bara. Ina dakawa ina ɗaurawa, yau da safe na wanke, na zubar da sauran a bayan gida. Ya kai ƙwallon goruba, amma bai fashe ba.

Zan shigo Damagaram a motar farko ran Litinin, ki tare ni a tasha. Kafin nan ki tambayar min lokotoron taki ko akwai sauran abin da za ta ɗinka. In babu, ta cire kawai. Ke sai ki auna ni.

Yayarki, Habiba.