Ƙwayar Ƙarin Jini da Kofin Shayi: Ga Shugabar Makarantar 'Yata

Zuwa ga Shugabar makarantar kwana ta 'yan mata inda 'yata take ajin ƙarshe.

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki da aiki, ina kuma gaida malamai da ma'aikatan kicin. Da gangan ban sa sunan makarantar ba, ban kuma sa na yarinyar ba. Ke kin san da wa nake. Na fito fili ne domin sau biyu na rubuta miki a ambulan, amsar da ta zo mini kuwa jadawalin abinci ne mai hatimi, babu ko layi ɗaya a kan abin da na tambaya.

Ga abin da ya faru. Ana tsakiyar zangon farko 'yata ta yanke jiki ta faɗi a taron safe. Kafin nan malamai biyu sun riga sun rubuta a takardar sakamakonta cewa tana gyangyaɗi a aji, ba ta da himma. Na kai ta asibiti a Kafanchan. Likita ta duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, ba ta samu ba. Ta ce ƙarancin jini ne, jikinta ya rasa isasshen sinadarin ƙarfe, wato abin da ake gina jini da shi. Ta rubuta ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce a sha da ruwa, a nisanta su da shayi da madara. Na miƙa wa matiron, mai kula da lafiyar ɗalibai, ƙwayoyin da takardar likita, kamar yadda dokarku ta tanada.

Yarinya ta sha maganin har aka yi hutu, ba fashi. Littafin matiron ya nuna haka, kuma na yarda da shi. Da aka sake awo, jinin bai motsa ba sai kaɗan. Likita ta tambaye ta da me take haɗiye ƙwayar, a nan ne muka gane inda matsalar take. A dokarku, kowane magani a gaban matiron ake haɗiye shi, a ɗakin cin abinci, lokacin karin kumallo. Abin da ke cikin kofin kowace yarinya a wannan lokacin shayi ne da madara. Matiron ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce lokacin ne kaɗai take samun yaran a wuri ɗaya, kuma a saninta ba a shan magani da cikin da babu komai. Ba ni da ƙorafi a kanta. Ta bi doka, dokar ce ba ta san da takardar likita ba.

Na yi shekaru ina gyaran rubutu a gidan jarida kafin in dawo gida noman citta, saboda haka na saba bin alƙaluma har inda suka fito. Na zauna da jadawalinki, ga abin da na gani.

Na ɗaya. Jadawalin ya lissafa sinadarin ƙarfen da ke cikin tukunya, ya tara na wake da na masara da na ganye, ya ce ya wadatar. Amma abin da ya shiga baki ba duka ke shiga jini ba. Ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki yana ɗaukarsa da sauƙi. Na wake da hatsi da ganye kuwa kaɗan ne ke ratsa hanji, domin a cikin hatsin da waken kansu akwai sinadarin da ke riƙe shi. Shayi yana ƙara riƙe shi, madara ma haka. Bitamin C na lemu da gwaiba da tumatir yana taimaka masa ya wuce, muddin an ci su a zama ɗaya. Wannan ba sabon ilimi ba ne, yana cikin littattafan koyon aikin jinya.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna. Jadawalin ya sa adadi ɗaya tak a matsayin buƙatar kowace ɗaliba, daga 'yar aji ɗaya har wadda ta kusa fita. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, buƙatarta ba ɗaya take da ta ƙanwarta ba. Bayan haka, littattafan da ake ɗauko irin wannan adadi ba lamba ɗaya suke bayarwa ba. Suna ba da ƙarama ga mutanen da ke yawan cin nama, da babba ga waɗanda abincinsu hatsi ne da wake, tunda su sai sun ci da yawa kafin jiki ya samu kaɗan. A makarantarki yankan nama ɗaya ake ba yarinya, ranar Lahadi. Na tambaya wace lambar aka ɗauka, har yau ban ji ba.

Na uku. A ranakun wake, ana bin abincin yamma da shayi mai zafi. Na san dalili, sanyin gindin dutsen da makarantar take ba wasa ba ne, kuma tausayi ya kawo tsarin. Sai dai ya faɗo daidai kan abincin da jadawalin ya fi dogara da shi. Lemu kuwa sau ɗaya ake rabawa, ranar Lahadi bayan sujada, shi kaɗai, nesa da kowace tukunyar wake. Akwai bishiyoyin gwaiba a bayan kicin, wadda ta tsinka kuma yankan ciyawa ne hukuncinta.

Na huɗu. A wannan hutun ta sha ƙwayar a gida da hantsi, da ruwa da ɓarin lemu, jininta kuma ya fara hawa. Ba zan kira wannan hujja ba. Yarinya ɗaya ce, kuma a gida tana samun kifi fiye da na makaranta. Amma ta gaya mini ba ita kaɗai ke bin layin matiron da irin wannan ƙwayar ba, iyayen sauran kuwa mai yiwuwa ba a tambaye su komai game da abin da ke cikin kofin ba.

Abin da nake roƙo shi ne a ware wa ƙwayar ƙarin jini lokacinta, ko da hutun hantsi ne, a sha da ruwa. A matsar da shayin yamma nesa da wake, ko a maye gurbinsa da ruwan citta mai zafi, tunda citta ba ta yi mana wuya a ƙasar nan ba. A mai da rabon lemu ranar wake. A mayar wa wanda ya tsara jadawalin da tambayata a kan lambar da ya ɗauka. A kuma sake duba kalmar rashin himma da ke takardar 'yata, domin takardar za ta bi ta bayan ta bar hannunku.

Bana za ta rubuta jarrabawar fita. Likita ta ce a ci gaba da maganin wasu watanni ko bayan jinin ya daidaita, wato har cikin jarrabawar. Idan lokacin shan maganin bai canja ba, zan riƙe ta a gida ta riƙa zuwa da babur, ta rasa darasin yamma da ake yi wa 'yan ajinta. Ita ba ta son haka, ni ma ba na so. Ranar komawa zan kawo ta da kaina, mu tsaya a ofishinki kafin a sauke akwati.

Ubangiji ya ƙara miki lafiya da hikima, ya kiyaye yaran da ke hannunki.

Wassalam.

Naki cikin girmamawa,
Mahaifin ɗaliba, daga Kafanchan.