Inna, Baba Ya Ƙi Juyawa Hagu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Innata.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma tun rasuwarki ban sami wanda zan kai wa ƙarar Baba ba, ga shi kuwa mijin nan naki ya sake tayar mana da hankali.

Kin san shi da kwanciya. Ɓarin dama, fuska a gabas, hannu ƙarƙashin kumatu. Ko a gona ya kishingiɗa gindin ɗorawa bayan mun gama huɗa, sai ya duba rana ya daidaita kansa. Ina yaro idan ya same ni rub da ciki, da ƙafa yake gyara ni ya wuce abinsa, ke kuma kina bakin murhu kina danne dariya da gefen zane.

Kina tuna daminar da rufin ɗakinsa ya fara yoyo daidai kan gadonsa? Aka yi aka yi ya matsa, ya ce ruwan ne ya same shi a wurinsa. Ba ki ja da shi ba. Kika bari ya tafi kasuwar Kunci, kika ja gadon zuwa ɗaya bangon, kika shimfiɗa masa buzunsa kamar dama can nan yake. Ya dawo ya kwanta abinsa. Abin da kike yawan faɗa mana ke nan: "Babanku ba a juya shi, ɗakin ake juyawa."

To Inna, bayan girbi hawan jini ya kayar da shi a bakin rumbu. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Muka kai shi asibiti a birni, ni da Hauwa autarki, wadda yanzu take goyon mai sunanki.

Nas-nas suka ce dole a riƙa juya shi lokaci-lokaci, domin wanda ya daɗe a gefe guda fatar wurin mutuwa take yi. Amma da an mai da shi hagu, bayansa ya ba gabas, sai ya kama dukan ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da muka kai ki. Duk wanda ya zo dubiya daga gida, tausayi ya sa ya mai da shi dama, a ganinsa lada yake nema.

Ashe a kwatangwalonsa wuri ya yi baƙi, ya sale, ya fara ruwa. Shi ba ya jin zafin, tunda gefen ba ya ji. Mu kuma wa ke da idon ɗaga rigar Baba?

Zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama-sama, ya daina gane mu. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun bi ta gyambon sun shiga jininsa, kuma irin wannan yana iya kashe mutum da sauri fiye da ciwon da ya kawo shi. Suka mai da shi ɗakin kulawa ta musamman, inda ake shiga ɗaya-ɗaya, na'urori na ta ƙara, ga robobi a hanci da hannu.

A bencin da ke ƙofar ɗakin nan na yi kewarki fiye da kullum. Na tuna yadda kika yi jinyar Kaka, kina shafa mata man kaɗanya a baya, kina yi mata tsiya wai ta fi jariri son jiki. Na tuna ƙamshin daddawarki, da yadda kike kiran kaji kamar masu jin Hausa. Da kina nan, na san da tuni kin ɗaga rigar nan ba tare da neman izinin kowa ba.

Da magani ya fara kama shi ya farfaɗo, rigimar ta dawo sabuwa, alhali yanzu ko kaɗan ba a so ya hau kan gyambon. Malam Liman ya zo ya gaya masa marar lafiya yana da uzuri a wurin Allah. Baba ya rufe ido, irin rufewar da kika sani.

Sai na roƙi babbar nas ko za a juya gadon, kai ya koma wajen ƙafa. Ta dube ni, ta dubi wayoyin da ke bango, ta ce aiki ne, amma za su gwada. Suka gwada. Yanzu yana kwance a hagunsa, fuskarsa na gabas, ya bar ƙarfen gado ya huta.

Ba zan ɓoye miki ba, likitoci ba su ce ya tsallake ba. Gyambon ya yi zurfi, ƙodarsa ma ta taɓu. Ya rame har ina iya tallafe shi ni kaɗai, mutumin da yake saɓa buhun gero kamar matashin kai. Ina jin tsoro, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna. Na san idan ya zo wurinki ba za ki rasa yadda za ki yi da shi ba. Amma ni roƙona kullum Allah Ya ƙara ara mana shi, ko da damina ɗaya ce. Ki yi haƙuri, ba mu shirya ba ki shi ba tukuna.

Naki har kullum,
Auwalu