Lasifika Biyar Da Kujerarki

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai kashe ƙishi, matata abar alfaharina.

Na san Yaya ce za ta karanta miki wannan. Yaya, don Allah a hankali, kuma ban da dariya.

Kwana ashirin ke nan da likita ya ce ganinki ba zai dawo ba, kika koma gidan Umma, kika aiko in rubuto miki takardar saki wai kada ki zame mini kaya. Kaya? Ke? Yaushe numfashi ya taɓa yi wa ƙirji nauyi?

Kin tuna yadda muke kallon fim a kwamfutarki, kina faɗa mini ƙarshensa tun ba a kai rabi ba, ina fushin ƙarya, kina ƙyalƙyala dariya har shayi ya sarƙe ki? Wallahi falon nan ya yi mini faɗi, ya Rabbi, ya yi shiru!

To ji abin da mijinki mai gyaran rediyo ya yi. Na jona kwamfutar da akwatin sauti, na kafa lasifika biyar: uku a gaba, biyu a bayan kujerarki, ga babbar mai gurnani a ƙasan tebur. Da farko biyu kaɗai suka yi magana, sai da na shiga saitin kwamfutar na lallashe ta. Wayoyin kuwa duk na bi da su jikin bango na danne da ƙusa, ko ɗaya ba zai harɗe miki ƙafa ba.

Sannan na kunna wani fim da muka haddace, na ɗaure idona da ɗankwalinki na zauna a wurinki. Motar da na san ta hagu take tahowa, sai ƙararta ta fito ta dama! Ashe na juya wayoyin baya, ni da nake cika baki da shekara goma a sana'ar. Da idona buɗe hoto zai ɗauke mini hankali, ba zan taɓa kama kuskuren ba. Na gyara, na sake ɗaurewa. Ruwan sama ya sauko ta kowane gefe, wata ƙofa ta buɗe a bayana har na waiwaya. Can sai ƙamshinki ya taso daga ɗankwalin, na kasa ƙarasa fim ɗin. Kuka na yi, ba zan ɓoye miki ba.

Ki dawo, hasken gidana. Ki dawo ki zauna a tsakiyar sautin nan. Abin da kunne bai kawo miki ba, bakina zai kawo, launin riga ne ko hawayen jaruma. Ranar Asabar da hantsi ina ƙofar Umma. In kin ƙi fitowa, zan dawo Lahadi.

Kin nemi takarda daga hannuna. Ga ta, ita ce wannan, kuma babu wata bayanta.

Naki a haske, naki a duhu, har ranar da za a rufe nawa idon,
Mijinki.