Na nutsar da jiragen taubashina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah shawara nake nema, ku gaya mani gaskiya ko da ba daɗi.

Ni dattijo ne a Dakoro, jikokina sun fara tasawa. Ɗana ya aiko mani da tabilet daga Yamai, a ciki akwai wasan yaƙin zamanin da, kowa ya riƙe ƙasarsa, ya tara sojoji, ya ci garuruwan ɗan'uwansa. Bayan la'asar muke bugawa a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, ana miƙa tabilet ɗin hannu zuwa hannu, wani mushe, wato malamin boko, da ya bar aikin lakwal yana fassara mana Faransancin da ke ciki. Mu da ba mu san wani ruwa ba sai na tabki da rijiya, sai ga mu muna gardamar yadda ake kai hari ta teku, ko a fara tura jiragen igwa, ko a sauke sojoji a gaɓar da ba tsaro.

Abokin karawata taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, zan kira shi Idi. Kun san wasan taubasai, ba abin da ba mu gaya wa juna. Shekarun baya ɗansa na fari ya tafi Libiya, daga can ya shiga kwalekwale zuwa Turai. Wani da suka yi aiki tare ya dawo ya shaida mana a ɓoye cewa jirgin ya kife, ba wanda ya fita. Mu 'yan fada muka haɗa baki ba za mu gaya wa Idi ba. Shi kullum cewa yake yaron yana Italiya, rashin takardu ne ya hana shi kira.

Da muka fara wasan na lura Idi ba ya taɓa sa soja a jirgi. Gara ya zagaya da su ta tudu, su gaji, a cinye shi. Na gane dalili sarai. Maimakon in tausaya, sai na riƙa zaɓar mana taswirar da teku ya raba, ina sauke masa mayaƙa ta baya, ina ce masa Buzun da ke tsoron kwatarniya. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Ran nan mutane suka matsa masa, ya loda rundunarsa a jirage. Na tare su a tsakiyar ruwa na nutsar da su duka. Ya ce sa'a ce kawai na yi. Sai na ce, "Wace sa'a, taubashi? Ku dama gidanku ruwa ba ya mayar da abin da kuka ba shi." Wasu suka fara dariya don sun ɗauka wasan taubasai ne, sannan suka daina. Idi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ya juya ga mushe ya tambaye shi, waɗannan da suka nutse, nan take suke mutuwa ko suna daɗewa? Daga nan Idi ya sa takalmansa ya tafi.

Na bi shi gida washegari na ce wasa ne. Ya ce ya sani, ai ni kaɗai ke da ikon yi masa irin wannan wasan, shi ya sa ya yarda ɗansa ya mutu. Matarsa tun ranar take kwance ba ta cin abinci, ta ce kada in ƙara taka mata zaure. 'Yan fada sun ce na ci amana, alhali su ma ƙarya suka yi ta yi masa.

Yanzu Idi ya sa ranar Juma'a za a yi wa yaron addu'a da sadaka. Ya aiko mani cewa tun da ni na kawo labarin mutuwar, ni zan tashi gaban jama'a in sanar da ita, in raba goro. Ban sani ba ko yafiya ce ko hukunci.

In na je, uwar yaron za ta gan ni a ƙofarta. In na ƙi, na sake juya masa baya. Jama'a, in je ko kada in je? In kuma na tashi tsaye, me zan ce?