Sunan Dabo Ya Ƙi Zama a Waya

Zuwa ga ɗana Munir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin birni. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa. 'Yata Furera ce ke riƙe da biro, na kuma hana ta gyara mini magana.

Tun shekarar da aka raba gadon kakanku nake faɗa cewa ubanka Yahya, Allah ya jiƙansa, ya tuge gambar kan iyaka ya dasa ta cikin gonata. Na faɗa wa mai unguwa, na faɗa a ƙofar masallaci, aka ce Dabo rigima. Yau ga shi ɗansa ne ya ƙera abin nan na cikin wayar mai unguwa, manhaja kuke cewa, mai jera gonaki da masu su, don masu awon sabuwar hanya su san wanda za su nema. Furera ta duba. Gonar tawa ta gindin ɗorawa tana ciki, da sunayen gidanku a ƙarƙashinta. Nawa babu. Ka zo ka gyara.

Baffanka, Dabo.

Ɗana Munir,

Sallama da fatan ka koma lafiya. A gaida mai ɗakinka.

Ka zo, ka buɗe kwamfuta a zaurena, ka yi 'yan rubuce-rubucenka, Furera ta karanta sunana a jerin da bakinta. Har zabo na sa aka yanka maka. Washegari mai unguwa ya buɗe wayarsa gaban jama'a, wayam. Aka yi mini dariya.

Saƙonka ya iso. Wai wannan jerin ba ya karɓar ƙari kai tsaye. Wai umarnin da ka rubuta kwafi ya ɗebo, a kan kwafin ka ɗora ni, ba ka mayar da shi mazaunin na asali ba, shi ya sa da aka rufe na zube. Ban yi boko ba, amma na san wanda ya auna maka hatsi a kwano, ka juya baya ya juye shi cikin buhunsa. Ka ce in za a sa ni sai an kwashe jerin duka an zuba sabo. To, ranar kwashewar, wa zai tsaya ya ga wanda aka zubar?

Baffanka, Dabo.

Munir,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, sai dai ba na iya cin abinci.

Baƙi masu awon hanya sun zo da mota daga wajen Gezawa. Sun kafa turaku masu jan fenti, layi guda, ta tsakiyar dawata. Na yi musu magana, babbansu ya dubi waya, ya dube ni, ya ci gaba da buga turkensa. Bai ko tambayi sunana ba. Da yamma na hangi yayyenka a gindin ɗorawa suna nuna gabas da yamma da hannu. Da suka gan ni suka sauke hannu.

Mai unguwa ya ce ranar Alhamis za a rufe jerin, wanda ke ciki shi ne mai gona. Ya ce shi ba ya iya taɓawa, kai kaɗai ke da mabuɗi. Furera ta kira ka, wayarka na ta ƙara ba ka ɗauka.

Na wasa gatarina, na kai tabarma gindin ɗorawa. Ba na fatan a kai ga haka, jininmu ɗaya da yaran nan.

Kuskuren hannu ne, ko sa ka aka yi? Mai unguwa ya ƙi amsa mini, liman ya ce in yi haƙuri. Kai nake tambaya, Munir. Ka amsa mini kafin Alhamis, da bakinka, a gaban mutane.

Baffanka, Dabo.