Ƙoƙon Ruwan da Na Cika Sau Biyu

Assalamu alaikum Malam, da almajiranka manya, da dattawan da ke zama zaurenka bayan la'asar. Wani falke ya gaya mini cewa a can Birnin Sakkwato kana karanta takardun masu tambaya ba tare da ka faɗi sunansu ba, kowa ya ba da shawararsa, shi ya sa na ba shi wannan ya kawo. Ku yi haƙuri da munin rubutun, hannun da ya yi shekara goma sha biyar cikin karan dambe ba ya riƙe alƙalami daidai. Na sake sunayen mutane. Ina roƙonku don Allah ku bari a kai ƙarshe kafin ku tsine mini. Na san abin da malamai ke cewa game da dambe da kiɗansa, na ji wa'azin har na haddace, ba wannan na zo tambaya ba. Ranar Alhamis ake nemana gaban alƙali a Shagari, ran wani mutum yana rataye a bakina, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya.

Ni mahauci ne a Bodinga, ɗan mahauci. Na yi dambe da ƙuruciya, yanzu ni ke ɗaura wa 'yan dambenmu kara a hannu, ni ke cewa wane ya shiga, wane ya zauna. Muna da wata al'ada da muka gada. Duk wanda ya sha kaye har kansa ya bugi ƙasa, ba ya sake shiga fili a kakar nan sai an yi masa ƙoƙo. Mai ɗaurin kara zai ja shi bayan rumfar fawa, su biyu kaɗai, don kada a kunyata namiji gaban jama'a. A cika ƙoƙo da ruwa har baki, a ɗora masa a tafin hannu, ya taka daga turken yanka zuwa gindin tsamiya ya dawo. In ruwan bai zuba ba, kansa lafiya. In ya zuba, ya huta sai wata kakar. Daga nan mai ɗaurin kara ya kai ƙoƙon gaban Sarkin Fawa yadda yake. Ba mai leƙe, ba mai shaida, amana ce kawai. Shekara tara ina riƙe da amanar nan, na zaunar da maza da yawa, wasu har yau ba sa gaishe ni, ban taɓa damuwa ba.

Sai bana. Akwai ɗan yayata, bari in kira shi Nomau. Magidanci ne, da mata da 'ya ɗaya, ubansa ya rasu tun yana goye, a hannuna ya koyi wuƙa, a hannuna ya koyi dambe. Ba shi da jiki, siriri ne, amma Allah ya ba shi sauri da ido. Su kuwa mahautan Shagari suna da shagonsu, wato babban ɗan dambensu, zan kira shi Arzika, ƙato ne wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai. Ko makaho ya shafa su biyun ya san ba sa'o'in juna ba ne. To me ya kai ni? Zan faɗa, ko da kunyar za ta kashe ni. Uban Arzika ne ya kayar da ni a filin Shagari shekarun baya, kaye mai muni, har bantena ya kwance. Makaɗansu suka sa abin a kalangu, kuma har gobe in na shiga kasuwarsu sai wani ɗan banza ya taɓa kiɗan nan a kan faifai, a yi dariya. Sai in yi murmushin dole in wuce. Tun Nomau yana saurayi nake kallonsa ina cewa a raina, ga wanda zai wanke ni.

Kwana shida kafin damben Shagari muka je Danchadi. Wani bahago ya shammaci Nomau, ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta sami saiwar itace. Ya tashi yana dariya, muka dawo gida. Amma ni da nake tsaye kusa da shi a rumfa na ga abin da na gani. Mutumin da ke fitar da tsoka daga ƙashi ko bai duba ba, sai ga shi yana sara wuƙa tana sauka gefe. Sau biyu na gan shi ya zaga baya ya yi amai. In rana ta haska sai ya runtse ido. Wa zai ce ban sani ba? Ni ne fa na zaunar da ɗan Sarkin Fawa kansa a kan abin da bai kai wannan ba.

Da safen ranar tafiya na ja shi bayan rumfa, na cika ƙoƙo, na ɗora masa. Bai yi taku bakwai ba ruwan ya fara bin hannunsa har gwiwar hannu. Kafin ya kai tsamiya rabi ya tafi. Ya tsaya, ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Kawu, ƙasag ga tana karkata."

Na ce, "Yunwa ta. Ba ka karya ba."

Ya ce, "Kai ka sani, Kawu. In kac ce in tahi, sai in tahi. In kac ce in zamna, ba ni jin kunyar kowa."

Kun ji fa. Bai roƙe ni ba, bai yi mini taurin kai irin na 'yan dambe ba, da sai in ce shi ya matsa. A hannuna ya sa abin. Ni kuwa kiɗan nan na Shagari ne kawai ke bugawa a kunnena. Na karɓi ƙoƙon, na tsoma shi cikin tulu na sake cika shi, na ja ƙasa da ƙafa na rufe inda ya jiƙe. Na kai gaban Sarkin Fawa ina tafiya a hankali kamar mutumin kirki. Ya dubi ruwan ya ce, "Ya zuba?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ko ɗigo."

Ko a nan Allah bai bar ni ba, ya sake ba ni ƙofa. Da muka isa Shagari, ana share fili, makaɗa suna ɗaure kalangu, sai Arzika ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ni. Ashe yana Danchadi ranar nan.

Ya ce, "Baba, na ga hwaɗuwar Nomau. Kuma wanga ba warina ba na, ko lahiya lau yake. Ku ba ni wani, ko ku bar ni in zamna yau."

Da na ce to, da magana ta ƙare. Amma sai na ɗaga murya yadda mutanen garinsu za su ji, na ce, "Halan tsoro kaka ji? Ɗiyan Shagari sun koma gudun ƙananan maza?" Fili ya ɗauki ihu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tashi. Bisa al'ada mai ɗaurin karan kowane gari ke duba hannun abokin karawa, don haka ni na warware karan Arzika da yatsuna, zagaye bayan zagaye, har na ga fatar hannunsa. Tsumma ne da igiya, babu komai ciki. Aka mayar a gabana.

Turmin farko Arzika bai kai duka ba, turewa kawai yake da hannun garkuwa yana ja da baya, har mutanensu suka fara yi masa tsiya. Nomau yana kai naushi yana samun iska, ƙafafunsa suna harɗewa. Ina gani, ina kusa, da na ɗaga hannu da an raba. Me nake jira? Wallahi jira nake ko sa'a za ta sa ya sami haɓar ƙaton nan sau ɗaya. A turmi na biyu Nomau ya afka da kai, Arzika ya tare shi da wani naushi gajere a gefen kunne. Na sha wanda ya fi shi sau ɗari na tashi na ci tuwo. Nomau ya durƙusa, ya miƙe, har ya kama hannun Arzika ya ɗaga, ya taka da ƙafarsa zuwa inuwa. Ya ce in ba shi ruwa. Ya ce barci yake ji. Ya kwanta a cinyata ya fara wani irin minshari, bai sake buɗe ido ba. Washegari da hantsi ya cika, a zauren wani mahaucin Shagari.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsakanina da Ubangijina ne. Amma a zaman makoki mutane suka fara lissafi da baki. Mutum ya wuce ƙoƙo lafiya, ko ɗigo bai zuba ba, yaya naushi ɗaya mara ƙarfi zai kashe shi? Lalle akwai abu cikin karan. Wani ya ce zoben ƙarfe, wani ya ce ya ga abu yana walƙiya. Ƙannen Nomau biyu, waɗanda yayata ta haifa a aurenta na biyu, suka juyo kaina gaban jama'a, babban ya ce, "Kawu, kai kad duba hannunai. Mi kag gani?" Duk ido ya dawo kaina. In na ce karan tsaf yake, tambaya ta gaba ita ce ƙoƙo. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Hayaniya ta yi yawa, ban duba da kyau ba." Wannan kalma ita ta sa suka kai ƙara. Ita ta sa aka sa wa Arzika mari a ƙafa aka tsare shi, aka rufe rumfarsa, matarsa ba ta iya zuwa rijiya. An ce in ta tabbata ya ɓoye ƙarfe, ba wasa ba ne kuma, kisan ganganci ne, kuma yaran nan sun rantse ba su yafe jini.

Ranar kasuwar da ta wuce na kasa daurewa, na tafi Shagari kamar mai neman akuya, na bi ta inda ake tsare da shi. Ya rame, ƙaton nan ya zube. Na yi zaton zai zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Sai ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Baba, kai kaw warware karana. Ni ban da shaida sai kai da Allah." Ya ƙara da cewa, "Abin da ka damuna, idanun Nomau ba su bin hannuna tun turmin hwarko. Na gani, amma nib buga. Da na zamna, da an yi min dariyar kwana biyu ta wuce." Wato shi yana can cikin mari yana tuhumar kansa, ni da na cika ƙoƙo ina yawo da rawani. Na juya na kama hanya, ban ma san na wuce mararrabar Bodinga ba sai da wani makiyayi ya tambaye ni ina za ni.

Na auna abin ta kowace fuska. In ce karan tsaf yake in yi shiru a kan sauran? Alƙali ba yaro ba ne, zai ce jiya ka ce ba ka duba ba, yau ka ce ka duba, wanne za a ɗauka? Shaidata ta zube, Arzika yana nan inda yake. Abin da zai kwance marin nan guda ɗaya ne, in faɗi cewa Nomau ya shiga fili da ciwo a ka, kuma ni na sani. In na faɗa, na san abin da ke jirana. Sarkin Fawa zai karɓe karan daga hannuna, wannan ko a jikina. Yaran nan za su juyo da wuƙaƙensu kaina, wannan ma wani lokaci ina jin da zai fi mini. Wadda nake tsoro ita ce yayata, uwar Nomau. Ita ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, har yau Auta take kirana da furfurata. Tun rasuwar kullum sai ta aiko a kira ni, wai in ta gan ni kamar ta ga ɗanta.

Jiya na je. Tana zaune bakin ɗaki, 'yar Nomau tana wasa a ƙafarta. Ta ce, "Auta, kai na ubanai tun da nashi yab bar duniya. Ran Alhamis kak ka ji tsoron mutanen Shagari. Ka tsaya gaban alƙali ka hwaɗi gaskiya dud da ɗacinta, shi kaɗai nika roƙonka." Na ce to, Yaya. Sai ta shiga ɗaki ta ɗebo mini ruwa. Malam, a ƙoƙon nan ta kawo shi. Ashe ta aika rumfa an karɓo mata, ta ce shi ne shaidar ɗanta ya bar gida da lafiyarsa, da shi take sha yanzu. Ta cika shi har baki ta ɗora mini a hannu. Ban kai shi baki ba ruwan ya bi ta gwiwar hannuna ya jiƙa mini riga, ita kuwa ta sa gefen zaninta tana share mini tana cewa in yi haƙuri, kowa ya san yadda nake son yaron.

Falken zai juyo ranar Laraba, ya yi alkawarin tsayawa ya ji abin da kuka ce. In na yi shiru, za a kashe mutumin da ya durƙusa ya roƙe ni kada a yi damben. In na yi magana, matar da ta goye ni za ta san da ƙoƙon da take shan ruwa na kashe mata ɗa. Ita ce kuma ta ce in faɗi gaskiya. In fara zuwa wurinta kafin alƙali, ko in bari ta ji a bakin mutane? Da wane baki zan fara? Don Allah Malam, don Allah jama'a, me zan yi?